Darasin Ta'awuni: Abin Koyi Daga Bamingham Da Manchesta

Ya 'yan'uwa matasa maza da mata, darasinmu na wannan fitowa zai fara ne daga ilmin sarfu, sa'an nan mu leƙa birane biyu na ƙasar Ingila, mu ga yadda jama'a suke haɗa hannu da hukuma wajen ayyukan da kowa ke amfana da su.

Kalma ɗaya, sigogi uku

A harshen Larabci "aun" shi ne taimako. Idan aka ɗora kalmar a ma'aunin istif'ali sai ta zama "isti'ana", watau neman taimako. A ma'aunin if'ali takan zama "i'ana", watau bayar da taimako, ɗaya yana miƙawa ɗaya yana karɓa. A ma'aunin tafa'uli kuwa ita ce "ta'awun". Malaman sarfu sun bayyana cewa wannan ma'auni yana nuna tarayya ne, ba ya tabbata sai an sami ɓangarori biyu kowanne ya kawo nasa.

To, tsakanin zongo da gwamnati wace siga muka fi ƙwarewa a kai? In zaɓe ya matso mukan shirya jerin roƙo, wannan isti'ana ce. Ɗan takara ya aiko da buhunan shinkafa da sukari cikin azumi, wannan i'ana ce. Bayan salla shinkafa ta ƙare, gota tana nan a toshe, bola tana nan bakin makaranta, yaran da suka gama sakandare suna zaune a benci. Siga ta uku ita ce ta yi mana ƙaranci.

Bamingham da Manchesta sun dace da wannan nazari domin Musulmi suna da yawa a cikinsu. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen Bamingham Musulmi ne, a Manchesta kuwa sama da kashi 22. Da yawansu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, suna zaune a unguwanni masu cunkoso da talauci, kamar yadda kakanninmu fatake suka sauka a Kumasi da Salaga.

Misali na farko: unguwar Balsall Heath

A farkon shekarun 1990 wannan unguwa ta Bamingham ta yi ƙaurin suna wajen karuwanci da miyagun ƙwayoyi. A 1994 mazaunanta, yawancinsu Musulmi 'yan asalin Pakistan, suka fara fitowa da dare suna tsayawa a kusurwoyin titi, suna rubuta lambobin motocin masu zuwa neman mata. Daga baya 'yan sanda suka shigo cikin lamarin aka tsara sintirin bisa doka, ƙungiyar unguwa mai suna Balsall Heath Forum kuma ta ci gaba da zama da majalisar birni kan tsabta da tsaro da gyaran filaye. A 2015 mutanen unguwar suka kaɗa ƙuri'a suka amince da tsarin raya unguwarsu wanda su da kansu suka tsara, ƙarƙashin wata doka ta 2011 da ta ba unguwanni wannan dama. Tun daga nan ya zama wajibi majalisar birni ta duba wannan tsari idan za ta ba da izinin gini a wurin.

An soki sintirin farko da cewa wasu sun ci zarafin matan, kuma sana'ar ta koma wasu unguwanni ne kawai. Wannan gargaɗi ne ga samarinmu masu zafin jini. Sanda da ihu suna iya korar ɓarna na ɗan lokaci, amma abin da ya ɗore a Balsall Heath shi ne aikin da aka yi a teburin shawara.

Misali na biyu: masallaci ya zama wurin allura

Lokacin annobar korona jita-jita ta bazu cewa allurar rigakafi tana ɗauke da abin da shari'a ta haramta. Hukumar lafiya ta NHS tana da allura da ma'aikata, amma mutane da dama ba su yarda da maganarta ba. A watan Janairu 2021 cibiyar Al-Abbas da ke Balsall Heath ta zama masallaci na farko a Birtaniya da aka buɗe don yin allurar. Limaminta, Sheikh Nuru Mohammed, haifaffen Ghana, ya karɓi tasa allurar a bainar jama'a. Kafin haka, a 2020, da gawawwaki suka yi yawa, masallacin Ghamkol Sharif a unguwar Small Heath ya kafa wurin ajiyar gawa na wucin gadi a filin ajiye motocinsa, 'yan sa kai suna hidimar jana'iza bisa ƙa'idojin lafiya.

Ku duba abin da kowane ɓangare ya kawo. Hukuma ta kawo magani da ƙwararru. Masallaci ya kawo wuri da amincewar jama'a, abin da kuɗi ba ya saye. Wannan shi ne tafa'uli a aikace.

Misali na uku: gado a kowane dare

A 2017 aka zaɓi Andy Burnham magajin garin yankin Manchesta mai ƙananan hukumomi 10. Ya yi alkawarin ba da kashi 15 cikin ɗari na albashinsa ga asusun marasa muhalli, a watan Nuwamba 2018 kuma aka buɗe shirin A Bed Every Night, ma'ana gado a kowane dare ga mai kwanan titi. Kuɗi ya fito daga hukuma da 'yan kasuwa da talakawa, ƙungiyoyin agaji suka riƙa gudanar da yawancin masaukan. Vincent Kompany, tsohon kyaftin ɗin Manchester City, ya sadaukar da kuɗin wasan karrama shi na 2019 ga wannan aiki. Ƙidayar dare ɗaya da ake yi kowace shekara ta sami mutum 268 a titi a 2017, ta sauko zuwa 89 a 2021, ko da yake shirin gaggawa na gwamnati a lokacin korona shi ma ya taimaka. Daga baya adadin ya sake hawa saboda tsadar haya da ƙarancin gidaje.

A wannan birni ne kuma ɗan ƙwallo Marcus Rashford, wanda ya tashi a Wythenshawe yana cin abincin makaranta na kyauta, ya yi aiki da ƙungiyar FareShare wajen raba abinci. A watan Yuni 2020 ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa, gwamnati ta sauya shawara ta ware fam miliyan 120 don ciyar da yara kimanin miliyan 1.3 a lokacin hutu. An saurare shi domin ya riga ya sa hannunsa cikin aikin kafin ya buɗe baki.

Sharuɗɗa da iyaka

Kada mu ɗauka abin babu ƙaya. Na farko, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. A 1998 makarantar Al-Furqan ta Bamingham da Islamia ta Landan suka zama makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Ingila ta fara ɗaukar nauyinsu. Ribar a fili take: albashin malamai ya tabbata, iyaye sun huta da kuɗin makaranta. Amma dole a bi manhajar ƙasa, dole a buɗe ƙofa ga masu duba makarantu. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke hukunci cewa raba maza da mata da makarantar Al-Hijrah ta Bamingham take yi a cikin makaranta guda ya saɓa wa dokar daidaito. Don haka a karanta sharaɗi tun kafin a sa hannu, a san abin da za a iya ɗauka da wanda ba za a iya ba.

Na biyu, amana sai da lissafi. A Ingila ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kuma kowa yana iya duba bayanan kuɗinta a intanet. Islamic Relief, wadda Dakta Hany El-Banna da abokansa suka kafa a Bamingham a 1984, ta wannan hanya ta girma har ta shiga cikin manyan ƙungiyoyin agajin gaggawa na Birtaniya.

Na uku, 'yan sa kai ba sa maye gurbin hukuma. A watan Satumba 2023 majalisar birnin Bamingham ta sanar da cewa ba ta iya daidaita kasafinta. A Maris 2025 masu kwasar shara suka tsunduma yajin aiki, shara kimanin tan 17,000 ta taru a tituna. Matasa sun fito da tsintsiya da buhuna, amma tsintsiya ba ta kwashe tan dubu. Wanda ya karɓi haraji shi ke da alhakin mota da juji.

Mu dawo gida

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya yi waƙafinta ga mutanen Madina. Iyayenmu sun san gayya. A nan Ghana ma, tun 1987 aka kafa Sashen Ilmin Musulunci ƙarƙashin hukumar ilmi ta ƙasa: jama'a suka ba da makarantunsu, gwamnati ta turo malamai, daga nan 'ya'yan zongo da yawa suka haɗa Larabci da boko. A 2017 majalisa ta zartar da dokar Asusun Raya Zongo, a 2019 kuma dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa ma'aikata yana tambayar inda aka kai kuɗi.

Ga abin da kowane reshe na ƙungiya zai iya farawa da shi:

1. A zaɓi matsala guda ɗaya tak, a ƙidaya ta. Gida nawa ne ba su da bayan gida a layinmu? Yaro nawa ne ba ya zuwa makaranta? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ma'aikaci lamba yake rubutawa.

2. A yi wa ƙungiya rajista, a buɗe asusu a banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a gaban kowa.

3. A je wurin asembuliman da kwamitin unguwa, tare da albarkar liman da Sarkin Zongo, a ce: mu za mu kawo samari da shebur mu yashe gota ranar Asabar, ku ku turo motar da za ta kwashe. A rubuta wa zai yi me, da wace rana.

4. A sa 'yan'uwa mata cikin shawara tun farko, domin su suka fi sanin halin famfo da asibitin yara.

5. Kada a rataya tutar wata jam'iyya a kan aikin. Gwamnati tana sauyawa, gota tana nan.

Malaman fiƙihu suna kiran irin wannan hidima farilla ta kifaya: in wasu suka tsaya da ita ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya ɗauki laifi. A halaƙarku ta wannan mako ku tattauna tambaya ɗaya: wace matsala ce a unguwarmu muke da abin da za mu kai teburi a kanta, kuma ofishin wa ya kamata mu ƙwanƙwasa? Ku aiko wa mujalla da amsoshinku.

Allah Ya yi mana jagora, Ya sanya albarka a zongunanmu.