ZAMAN GIDA BAYAN GIRMA YA ZO: DARASI DAGA SHADAWANKA

Duk wanda ya san garin Bauchi ya san Shadawanka, inda barikin Birged ta 33 ta sojojin igwa yake. Zaman bariki zama ne na cuɗanya: a fita fareti tare, a yi aiki tare, da yamma kuma a haɗu a kasuwar mami ana hira. Amma ran da soja ya ajiye kaki ya koma cikin gari, sai al'amari ya sake. Mutumin da a da ba a raba shi da taro, yanzu daga ɗaki sai zaure, rediyo na gefensa. Ba soja kaɗai ba ne. Haka abin yake ga ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya bayan cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, da ɗan kasuwar da ya bar wa 'ya'yansa rumfa a Wunti, da gyatumar da ta daina zuwa biki. Manufar wannan darasi ita ce a gane yaushe zaman gida yake alheri, yaushe kuma yake alamar a tashi tsaye.

Zaman da mutum ya zaɓa

Rage yawo bayan girma ya zo ba ciwo ba ne. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam ta Jami'ar Stanford a Amurka, Laura Carstensen, ta bayyana tun cikin shekarun 1990 cewa idan mutum ya ga kwanakin da suka rage masa ba su kai waɗanda suka wuce yawa ba, yakan rage abokan hulɗa da gangan, ya riƙe 'yan kaɗan da suka fi kusa da zuciyarsa. Saboda haka dattijon da ya fi son hira da jikokinsa da aminansa biyu ko uku bisa hayaniyar taro, kada a matsa masa. Muddin yana cin abinci, yana fara'a, yana murna da baƙo, to, lafiya lau ne.

Zaman da ya zama tilas

Akwai kuma wanda ba don yana so ya zauna ba. Wani kunnensa ne ya yi nauyi, yana jin kunyar ya riƙa cewa a maimaita masa magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da nakasar ji. Wani yanar ido ce ta hana shi tsallaka titi, alhali kuwa aiki ne da likita kan yi cikin ɗan lokaci. Wani ciwon gwiwa ne, wani yawan fitsari, wani rashin kuɗin mota da na gudummawa, wani kuma tsararsa ne suka riga shi gidan gaskiya.

Irin wannan zaman yana da haɗari. A rahoton da hukumar ta fitar a watan Yuni na 2025, ta ce mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta shi da mutuwar kimanin mutum 871,000 kowace shekara. Kaɗaici na ƙara haɗarin ciwon zuciya, da shanyewar jiki, da ruɗewar tunani.

Ga alamomin da za a lura da su: daina zuwa masallaci ko coci ba tare da dalili ba, ƙin ganin baƙi, rama, rashin kula da wanka da tufafi, da yawan cewa ba shi da sauran amfani.

Abin da ya wajaba a kanmu

1. A tambaya cikin ladabi. Maimakon a yi masa faɗa, sai a ce, "Baba, me ya hana ku fita kwana biyu?" Sau da yawa amsar ita ce za ta nuna maganin.

2. A kai shi asibiti a duba ido, da kunne, da hawan jini, da sukari. Rigakafi ya fi magani.

3. A taimaka masa ya motsa jiki. Shawarar masana ita ce aƙalla minti 150 a mako, wato tafiyar minti 30 kwana biyar.

4. Idan ba ya iya fita, a kai masa jama'a. A shimfiɗa tabarma a zaure, a aika masa jikoki, a nemi shawararsa kan aure da gona da sulhu. Waya na da amfani, amma zumunta a ƙafa take.

5. Tsofaffin sojoji su riƙe ƙungiyarsu ta 'yan mazan jiya. Kada a jira sai 15 ga Janairu, ranar tunawa da su, kafin a nemi juna.

A nata ɓangaren, Gwamnatin Tarayya ta amince da Manufar Ƙasa Kan Tsufa a 2021, kuma a shekarar ce Cibiyar Dattawa ta Ƙasa ta fara aiki a Abuja. Amma babu hukumar da za ta yi sallama a ƙofar mahaifinka a madadinka.

Jama'a, kowa ya yi tsawon rai zai iso wannan mataki. A duba unguwa yau: wane dattijo ne aka kwana biyu ba a gani a sahu ko a majalisa ba? A je a gaishe shi kafin Juma'a ta zagayo.