DARASI: HARSHE A HANNUN MATAFIYI

 

Ya 'yan'uwa matasa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala da kowane ɗan zongo ya tashi a cikinta, ko ya lura ko bai lura ba, wato: mene ne ke samun harshen mutane da waƙoƙinsu da rubuce-rubucensu idan suka bar ƙasar iyaye suka sauka a ƙasar wasu? Wannan tambaya ta ƙara matso mu, mu da neman ilimi ko neman abinci ya kawo ƙasar Katar. A unguwa irin Bin Omran a birnin Doha, kafin mutum ya je kanti ya dawo ya ji Larabci da Urdanci da Turanci da harsunan Indiya da na Filifin, domin baƙi sun fi takwas cikin goma na mazauna ƙasar. Yaron da aka haifa a irin wannan wuri, da wane harshe zai yi waƙa, kuma da wane harshe zai rubuta labarin kakanninsa?

MA'ANAR KALMOMI

Kalmar zongo, ko zango kamar yadda Kanawa ke faɗi, asalinta masaukin ayari ne. Fataken da suka bi hanyar Gwanja suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna sayo goro a kasuwar Salaga, su ne suka fara yada irin waɗannan zanguna, har masauki ya zama unguwa a Kumasi da Akra da sauran garuruwa. Ke nan sunan da ake kiran mu da shi ma sunan tafiya ne. Kuma mazauna zongo ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Fulani da Yarabawa da Wangarawa, Hausa ce ta zama igiyar da ta ɗaure su.

Ita kuwa kalmar ajami, daga Larabci take. Larabawa na kiran duk abin da ba na Larabci ba da wannan suna. Malamanmu suka ɗauki kalmar suka sanya wa rubutun Hausa da haruffan Larabci. Mai karatu ya riƙe wannan kalma da kyau, za mu sake gamuwa da ita a wani wuri da bai zata ba.

Za mu duba misalai uku, kowanne yana nuna wata makoma dabam da harshe ke samu a ƙasar baƙunci. Hukuncin kiɗa da waƙa yana da nasa babi a wurin malaman fiƙihu. Abin da muke bi a nan shi ne sawun harshe.

MISALI NA FARKO: ALHAJI UMARU NA KETE-KRACHI

An haifi Alhaji Umaru ɗan Abubakar a Kano wajajen shekarar 1858, asalin gidansu kuwa daga Kabi ne. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya bi hanyar fatauci har ya zauna a Salaga. Da yaƙin basasa na 1892 ya tarwatsa Salaga, sai ya koma Kete-Krachi, inda ya zama limami kuma malami, har Allah ya karɓi ransa a 1934.

Abin lura game da wannan bawan Allah shi ne ya riƙe harsuna biyu, kuma kowanne ya ba shi haƙƙinsa. Da Larabci ya rubuta littafin koyar da rubutun wasiƙa tun yana saurayi, da ƙasidu kan zuwan Turawa, da ƙasida kan annobar mura ta 1918. Da Hausa kuwa ya yi Waƙar Nasara da Waƙar Talauci da Wadata, ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, babban mawaƙin Larabawan jahiliyya, zuwa Hausa. Har ila yau ya rubuta wa wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich bayanai masu yawa cikin ajami game da tarihi da sana'o'i da al'adun ƙasar Hausa.

Ɗalibin Larabci zai so ya san yadda aka yi Hausa ta shiga ma'aunin waƙar Larabawa. Sirrin shi ne ilimin aruli, wanda Khalilu ɗan Ahmad ya tsara, an gina shi ne kan jeranta gaɓa mai nauyi da gaɓa marar nauyi. Hausa ma tana da dogon wasali da gajere, tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Saboda haka malamai suka iya zuba kalmomin Hausa cikin bahar na Larabci ba tare da sun karya harshen ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riga ta bi wannan tafarki da Larabci da Fulatanci da Hausa. Alhaji Umaru ya ɗauko wannan gado ya dasa shi a bakin kogin Volta.

To, ina sakamako? Tsohon garin Kete-Krachi ya nutse a ƙarƙashin tafkin Volta bayan gina madatsar ruwa ta Akosombo a shekarun 1960, amma rubutun malam bai nutse ba. Almajiransa sun kwafa sun yaɗa, Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafe-kwafe masu yawa, wani masani ɗan ƙasar Folan mai suna Stanislaw Pilaszewicz ya buga rubutunsa na zube a shekarar 2000. Yau duk wanda ya iya ajami zai iya jin abin da malam ya faɗa, da ma'anarsa cikakkiya.

MISALI NA BIYU: A'ISHA FALLATIYA A SUDAN

Hanyar hajji ta ƙasa ta bar dubban mutanenmu a Sudan, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Mutanen Sudan suna kiran duk waɗanda suka fito daga yammacin Afirka da suna Fallata, Bafulatani ne ko Bahaushe ko Babarbare.

Daga cikin zuriyar irin waɗannan baƙi aka sami A'isha Musa Ahmad, wadda aka fi sani da A'isha Fallatiya. Mahaifinta malami ne. A farkon shekarun 1940 ta zama mace ta farko da aka ji muryarta tana waƙa a gidan rediyon Omdurman, ta kuwa shahara har Masar. Ta rasu a 1974. Mafi yawan waƙoƙinta da Larabcin Sudan ta yi su, kuma da su ne ƙasar ke tunawa da ita.

A nan harshen masauki ne ya ɗauki fasaha, asali kuwa ya koma cikin laƙabi. Irin wannan muna ganinsa a ƙasar Saudiyya, inda ake samun iyalai masu sunan Hausawi, da yawa daga cikin matasansu Larabci ne harshensu na farko. Muna ganinsa kuma a gida: Mohammed Naseehu Ali, ɗan Kumasi, ya fitar da littafin gajerun labarai kan rayuwar zongo a 2005, Ayesha Harruna Attah ta fitar da labari kan Salaga a 2018, dukansu biyu da Turanci. Ribar wannan hanya ita ce duniya ta ji labarinmu. Hasararta kuwa, tsohuwar da aka ɗauko labarin daga bakinta ba za ta iya karanta shi ba.

MISALI NA UKU: KALMA TA RAGE, MA'ANA TA TAFI

A birnin Tunis akwai zuriyar mutanen da aka kai ta hamada daga ƙasar Hausa da Barno da maƙwabta, da yawansu cikin bauta, kafin Ahmad Bey ya haramta bauta a 1846. Sun kafa gidajen jama'a bisa asalinsu, ɗaya daga ciki shi ne Dar Barnu, wato gidan Barno. Wani Baturen Ingila mai suna Tremearne ya tarar da masu jin Hausa a Tunis da Tarabulus, ya buga littafi a kansu a 1914. Jikokinsu suna da wani kiɗa da ake kira stambeli, wanda ke da alaƙa da bori, kuma matsayin bori a wurin malamanmu sananne ne. Abin da ya shafi darasinmu shi ne waƙoƙin na ɗauke da kalmomin Hausa da Barbarci, masu rerawa suna kiran wannan harshe ajmi, kuma akasarinsu ba su san ma'anar abin da suke rerawa ba. Dubi ikon Allah: kalmar da ta zama sunan rubutu a hannun Alhaji Umaru, ita ce ta zama sunan maganar da ba a ganewa a Tunis.

Nan gaɓar Tekun Fasha ma akwai irin wannan. Kiɗan liwa, wanda aka sani a Oman da Daular Larabawa da Bahrain da Kuwait da Katar, ya zo ne da mutanen gabashin Afirka, kuma a cikin waƙoƙinsa akwai ragowar kalmomin Suwahili, alhali masu yin sa Larabci suke magana. Wanda ke Doha yana iya zuwa Gidan Bin Jelmood a Msheireb, wanda aka buɗe a 2015, ya ga tarihin yadda waɗannan mutane suka zo, har zuwa hana bauta a Katar a 1952. Waɗannan bayin Allah ba su zaɓi rabuwa da harshensu ba, ƙarfi aka yi musu, don haka babu zargi a kansu. Mu da muka zo da ƙafafunmu, da fasfo a aljihu da waya a hannu, ba mu da irin wannan uzuri.

ABIN DA MUKA FAHIMTA

Me ya sa waƙa ke riƙe kalma bayan magana ta sake ta? Saboda kari da amsa-amo suna ɗaure kalma a mazauninta, in ka cire ta baiti ya karye. Ma'ana kuwa ba ta da wannan kariya, sai an yi ta amfani da kalma a ɗaki da kasuwa da makaranta take rayuwa. Masana harshe sun lura da cewa a gidajen baƙi da yawa, iyaye suna magana da harshen asali, 'ya'ya suna ji amma suna amsawa da wani harshe, jikoki kuwa sai gaisuwa da sunayen abinci. Ko a Gana, mutum nawa ne cikin masu sayen waakye suka san daga shinkafa da wake sunan ya fito, ko kuma koose ƙosai ne?

Bambancin Alhaji Umaru da sauran shi ne alƙalami da almajirai: ya rubuta, ya kuma karantar da waɗanda za su karanta. Larabawa ma haka suka yi da suka yi ƙaura. Jibran Khalil Jibran da Mikha'il Nu'aima da Iliya Abu Madi sun kafa ƙungiyar marubuta a New York a 1920, suka ci gaba da rubutu da Larabci a tsakiyar Amurka, ga shi yau ana karantar da adabinsu a makarantun ƙasashen Larabawa da sunan adabin mahjar.

Kada kuma wani ya ce riƙo da Hausa zai rage masa Larabci. A Suratur Rum, aya ta 22, an lissafa saɓanin harsunan mutane cikin ayoyin Allah. Kuma mu masu koyarwa muna gani a aji: ɗalibin da ya iya fassara jimla zuwa harshen gidansu daidai, shi ne ya fahimce ta.

ABIN DA YA RATAYA A WUYANMU

Na ɗaya, mu yi wa ƙananan yara Hausa a gida, mu kuma sa su amsa da ita. Turanci da Larabci suna jiran su a makaranta da kan titi, Hausa kuwa in ba a ɗaki ba babu inda za su same ta.

Na biyu, mu koyi rubuta ta, boko da ajami. Wanda ya sauke Alƙur'ani ya riga ya san haruffan, abin da ya rage masa ƙa'idoji ne kaɗan.

Na uku, kada mu ji kunyar Hausar zongo. Gaskiya ne ta aro kalmomi daga Turanci da harshen Ashanti, kuma sau da yawa ba ta rarrabe namiji da mace kamar Kananci. Wannan tabon tafiya ne, kowane harshe da ya yi tafiya yana da irinsa. Mu koyi daidaitacciyar Hausa domin mu karanta abin da aka rubuta a Kano da Zariya da Sakkwato, mu kuma rubuta zancen mutanenmu yadda suke yin sa.

Na huɗu, duk wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffi, ya ɗauki muryarsu da izininsu: tatsuniya, da karin magana, da kirarin gida, da labarin hanyar da kakanni suka biyo. Sa'annan ya rubuta, ya sa ma'anar kowace baƙuwar kalma a gefenta. Tsohon da ka bari bana ba lalle ka tarar da shi baɗi ba.

TAMBAYOYIN NAZARI

1. Kawo ma'anoni biyu na kalmar ajami kamar yadda suka zo a darasin.
2. Me ya sauƙaƙa wa malamai auna waƙar Hausa da ma'aunin Larabci?
3. Rubuta kalmomi goma da kakarka ke faɗi waɗanda kai ba ka amfani da su, ka nemo ma'anarsu.
4. A cikin misalai ukun nan, wanne ne ya fi kama da halin gidanku a yau?

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah ya ba mu rabon karin maganar farko, ya tsare mu da 'ya'yanmu daga ta biyu, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin.