Kaɗaici Yakan Taɓa Jiki

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-21

Ɗan'uwa, a unguwannin Nima da Maamobi cikin birnin Accra, gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, lungu ba ya rabuwa da mutane. Duk da haka akwai masu kwana da kaɗaici: baƙon da ya zo neman abinci daga Nijar, yarinyar da ta baro arewacin Ghana tana dako a kasuwa, tsohuwar da 'ya'yanta suka yi nisa. Mutum yana iya zama cikin taro, ba wanda ya san damuwarsa.

Kaɗaici ba ya tsayawa a zuciya. Sa'ad da mutum ya ji ba shi da kowa, jikinsa yakan ɗauka yana cikin haɗari. Sai wasu 'yan ƙullutu da ke bisa ƙoda su saki sinadarin kotizol cikin jini. Wannan yana da amfani na ɗan lokaci. Amma idan ya daɗe, barci yakan lalace, garkuwar jiki ta raunana.

A shekara ta 1997, Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon a Amurka ya buga sakamakon wani gwaji, inda aka ɗiga wa mutum 276 ƙwayar mura a hanci. Masu ƙarancin hulɗa da jama'a sun kamu da mura wajen ninki huɗu fiye da masu yawan hulɗa.

Dubi annabi Iliya. Ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya shiga jeji shi kaɗai, har ya roƙi mutuwa. Ubangiji ya fara da jikinsa: barci, abinci da ruwa. Sa'an nan ya sanar da shi akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha abokin tafiya.

Kai fa? Wane ne ka daina gani a sujada? A makon nan ka je ka gaishe shi, ka zauna, ku ci abinci tare. Ko maƙwabcinka ba Kirista ba ne, ka ƙwanƙwasa ƙofarsa. Zumunci a ƙafa yake. In kuwa kai ne mai kaɗaicin, ka faɗa wa wani amintacce. Idan rashin barci da nauyin zuciya suka ƙi tafiya, ka je asibiti, ba rashin bangaskiya ba ne.

Addu'a: Ya Uba, ka buɗe idona in ga wanda yake shi kaɗai kusa da ni, ka ba ni zuciyar zuwa wurinsa. Cikin sunan Yesu, amin.