Ilimin Sana'ar Gayya: Ana Zama Malamin Jami'a da Shi?

Tambaya: Ni ɗaliba ce daga Yelu, na ci jarrabawar bak bana. Ina son in yi nazari kan yadda mutanenmu ke haɗa kai su yi sana'a ba tare da sun kashe ƙasarsu ba. Wannan fanni ne da ake zama malamin jami'a da shi?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yata, fanni ne mai zaman kansa. A 2006 wata malama 'yar ƙasar Peru, Ana María Peredo, tare da James Chrisman, sun wallafa nazari kan yadda gari guda ke zama ɗan kasuwa, jama'a su mallaki sana'ar tare, ribar ta koma ga kowa. Daga ƙauyukan tsaunukan Andes ta samo darasin, kuma ya kai ta kujerar farfesa a Kanada.

Hanyar kuwa doguwa ce. Lisansi shekara 3, masta 2, dakta aƙalla 3. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kina iya shiga ta ƙofar tattalin arziki, ilimin zamantakewa, labarin ƙasa ko aikin gona. Daga masta ki nemi kusanci da LASDEL, cibiyar binciken da aka kafa a Yamai a 2001, wadda ke da reshe a Parakou. Bayan dakta, ƙarin girma yana hannun CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a, kuma rubuce-rubucen da kika wallafa ake dubawa. Gurbin koyarwa kaɗan ne, ba zan ɓoye miki ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kada ki ɗauka sai kin ƙetare teku za ki sami abin nazari. Ki dubi giginyar yankinku na Gaya. Tun shekarun 1990 aka fara damƙa wa ƙauyuka kula da ita. Wa ke da ikon sare itace? Ina kuɗin azara ke shiga? Matan da ke binne ƙwallon giginyar su tono muruci, me suke samu, kuma shin tonon yana rage sabon tsiro? Ga masu dafa gishirin Foga, sana'ar kaka da kakanni mai cin itacen wuta. Ga adashin mata. Olivier Walther ya zo daga Suwizalan ya rubuta littafi kan 'yan kasuwar Gaya, Malanville da Kamba a 2008. Ke kuwa kina jin harshen, an san gidanku, tsofaffi za su faɗa miki abin da ba za su faɗa wa baƙo ba.

Ki zaɓi sana'a ɗaya tun yanzu, ki sayi littafin rubutu, duk hutu ki rubuta farashi da yadda ake rabon riba da yadda ake sasanta rigima. Ki ƙarfafa Faransancinki, ki koyi Ingilishi don karatu. Kuma duk abin da kika gano, ki koma Yelu ki karanta wa masu sana'ar da harshensu kafin ki kai wa malamanki. Allah ya ba da sa'a.