DARASIN LAFIYA: Uwa Mai Shayarwa da Aikin Asibiti

Kwanar Ɗangora mararraba ce. Tana kan hanyar Kano zuwa Zariya. A nan ne hanyar Tudun Wada da Doguwa ta ratse, ta bi ta dajin Falgore ta nufi Jos. Kullum motoci suna wucewa ɗauke da marasa lafiya daga ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Wasu suna tsayawa a babban asibitin da ke kusa da su. Wasu kuma sai an kai su Kano, Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Cikin waɗannan marasa lafiya akwai mata masu goyo. Wata haƙori za a cire mata. Wata ƙurji za a tsaga mata. Wata kuma aiki za a yi mata a ciki. Tambayarsu ɗaya ce: idan aka yi wa uwa allurar barci, nononta zai cuci yaro?

A gida akan ce ta daina ba shi nono kwana biyu ko uku, wai nonon ya gurɓace. Wasu ma suna cewa ta yaye shi. Wannan shawara tana jawo asara babba.

ABIN DA KE FARUWA IDAN AN TSAYAR DA NONO

Idan yaro bai sha ba, nono yakan cika ya kumbura. Yakan yi zafi, har ya zama ƙurji. Bayan 'yan kwanaki ruwan nonon sai ya ragu, domin tsotsar yaro ce ke kawo shi. Shi kuma yaro za a koma ba shi ruwa ko koko ko madarar shanu. Daga nan gudawa ke shiga, gudawa kuwa tana kashe jarirai.

Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla har wata 6, ba ruwa ba koko. Bayan haka a haɗa masa da abinci, a ci gaba da nono har shekara 2.

ALLURAR TIYATA IRI UKU CE

1. Allurar kashe wuri ɗaya. Ita ake yi wajen cire haƙori da ɗinkin rauni. Uwa tana farke. Maganin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai. Tana iya shayarwa da zarar an gama.

2. Allurar baya. Tana kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙafa. Da ita aka fi yin aikin ciro jariri. Uwa tana ji, tana gani, tana magana. Ana iya ɗora mata jariri a ƙirji ya sha dakashi tun ƙafafunta ba su saki ba. Dakashi ba ƙazanta ba ne. Shi ne rigakafin farko na jariri.

3. Allurar barci gaba ɗaya. Uwa ba ta san inda take ba sai an gama. Wannan ce aka fi tsoro.

Ga yadda abin yake. Magani yana shiga nono ne daga jinin uwa. Idan ya yi yawa a jini, tana barci. Idan ya ragu, sai ta farka. Farkawarta alama ce maganin ya ragu a jini, ya ragu a nono. A shekarar 2020 ƙungiyar likitocin allurar barci ta Birtaniya ta fitar da ƙa'ida a kan haka. Ƙa'idar ta nuna cewa idan uwa ta farfaɗo sosai, hankalinta ya dawo, tana iya riƙe ɗanta, to ta ba shi nono. Ba sai ta tatse ta zubar ba.

KAFIN RANAR AIKI

1. Ta gaya wa likita da nas cewa tana shayarwa. Kada kunya ta hana ta. Likita ba zai sani ba sai an faɗa masa. Idan ya sani, zai zaɓi maganin da ya dace.

2. Ta faɗi watannin yaron. Ta faɗa idan bakwaini ne, ko yana da shawara, ko ba shi da lafiya. Irin waɗannan jarirai sun fi bukatar kulawa.

3. Ta faɗi duk abin da take sha: maganin kemis, jiƙo, sassaƙe, har da kunun kanwa.

4. Ta bi dokar hana cin abinci. Yawanci akan hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa kuma awa 2. Dalili shi ne kada ta yi amai tana barci ya shiga huhunta. Wannan doka ba ta hana ta shayarwa.

5. Ta ba yaro nono ya ƙoshi daf da shiga ɗakin tiyata.

6. Idan aikin zai daɗe, ta wanke hannu da sabulu, ta tatsi nono a kofi mai tsabta, ta rufe. A ajiye a wuri mai sanyi. Kada ya wuce awa 4 ba a ba yaro ba. A ba shi da kofi ko cokali, ba da bulunboti ba.

7. Ta tafi da babbar mace mai taimako, kamar uwarta ko uwar mijinta ko yayarta.

MAGANIN CIWO BAYAN AIKI

Haɗarin ya fi yawa a nan, wato a maganin da ake sha kwana da kwanaki bayan an koma gida.

Farasitamol da ibufurofen ba su da laifi ga mai shayarwa, idan likita ya rubuta kuma ta sha yadda ya ce. Haka amoksilin, wanda ake bayarwa don kada rauni ya ruɓe. Idan an ba ta, ta shanye duka.

Amma akwai waɗanda za ta kiyaya:

Kodin. A cikin jiki kodin yana juyewa ya zama mofin. Jikin wasu mata yana juya shi da sauri fiye da na sauran. Ba a gane su da ido. Nonon irin waɗannan mata yana iya sa jariri barci mai nauyi har numfashinsa ya yi ƙasa. A shekarar 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi Nijeriya.

Tiramol. A shekarar 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta gargaɗi mata masu shayarwa a kan kodin da tiramol. Tiramol ɗin da ake sayarwa a ɓoye ya fi haɗari, domin ba a san ƙarfinsa ba.

Asfirin. Mai goyo kada ta sha shi don ciwo, sai in likita ne ya ce.

Valium da sauran ƙwayoyin barci. Idan ana yawan shan su, suna taruwa a jikin jariri.

Maganin da ake talla a tasha da kasuwa, musamman haɗin ƙwayoyi da ake ƙullawa a leda ba suna, mai goyo ta bar shi. Wanda bai san sunan magani ba, bai san abin da ya ba ɗansa ba.

Akwai magunguna ƙalilan da ke tilasta a dakatar da nono, kamar maganin ciwon daji. Likita ne zai faɗi haka, ba maƙwabta ba. Idan dakatarwar ta 'yan kwanaki ce, uwa ta riƙa tatsewa don kada nonon ya ƙafe.

RANAR FARKO A GIDA

Har awa 24 bayan allurar barci, jikin uwa bai gama warwarewa ba. Barci yana iya ɗauke ta tana shayarwa, ta danne yaro. Don haka wata ta zauna kusa da ita lokacin ba da nono. A daren farko yaro ya kwana a shimfiɗa dabam. Idan a ciki aka yi aikin, ta kwanta ta gefe, ko ta sa matashi a cinya don kada yaro ya taɓa ɗinkin.

Maigida ma yana da nasa aiki. Ya sayi maganin da aka rubuta, kada ya yarda a canza masa da wani a kemis. Ya tanadi kuɗin mota ko da dare ne.

ALAMOMIN HAƊARI GA YARO

1. Barci mai yawa, a tashe shi ya ƙi tashi.
2. Ya kasa kama nono.
3. Jikinsa ya saki, ba ƙarfi.
4. Numfashinsa ya yi ƙasa, ko leɓensa ya canza launi.

Idan an ga ɗaya daga cikinsu, uwa ta dakatar da maganin. A kai yaro asibiti nan take, kada a jira gari ya waye. A tafi da kwalin maganin don likita ya gani. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI DON 'YAN AJI

1. Allurar tiyata iri nawa ce? A faɗe su.
2. Yaushe uwa za ta ba da nono bayan allurar barci?
3. Waɗanne magunguna biyu aka gargaɗi masu shayarwa a kansu a 2017?
4. Awa nawa nonon da aka tatsa zai yi kafin a ba yaro?
5. A rubuta alamomin haɗari guda 4.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa matan gidansa da maƙwabtansa. Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi.