Amsoshin Tambayoyinku: Tsoron Hasara a Wasan Karta

Malam Bulus daga Kafanchan ya rubuto cewa ya ji labarin waɗansu Kiristoci a Amurka, masu wasan kartar foka, da ke cewa bangaskiyarsu ce ta yaye musu tsoron hasara. Shin yaya lamarin yake?

To, Malam Bulus, mun gode. Ita foka karta ce ta kuɗi, wadda ake yin babbar gasarta a birnin Las Vegas tun shekarar 1970, kuma duk wanda ya tura kuɗinsa tsakiyar tebur, hannunsa yana rawa, ya san zafin hasara ya fi daɗin riba, kamar yadda masana biyu, Kahneman da Tversky, suka bayyana a 1979. Hujjar waɗancan Kiristocin ita ce, tun da Linjilar Matta ta hori mai bi da ya bar damuwa da gobe, kuma Annabi Ayuba ya rasa dukiyarsa bai rasa imaninsa ba, to, mai tawakkali hasara ba ta girgiza shi.

Amma fa, Malam Bulus, akwai saɓani tsakanin ikilisiyoyi: Methodist ta ƙi caca kwata-kwata, Katolika kuwa ta hana ta muddin ta taɓa abincin iyali. Saboda haka, tsoron hasara sau da yawa gargaɗi ne daga hankali, kuma tawakkalin gaskiya shi ne wanda zai ba mutum ƙarfin zuciyar tashi daga teburin kafin ya ci haƙƙin iyalinsa. Allah ya sa mu dace.