Darasi na 14: Gwanayen Gangar Ƙarfe na Tirinidad

A Hausa, kalmar ganga tana da ma'ana biyu. Akwai gangar da ake kaɗawa, akwai kuma gangar da ake zuba mai a ciki. A ƙasar Tirinidad da Tobago, cikin yankin Karibiyan, gangar mai ce ta zama abin kiɗa. A wannan darasi za mu ga yadda hakan ya faru, sannan mu kwatanta uku daga cikin gwanayenta.

Asalin gangar

Waɗanda suka ƙirƙiro gangar ƙarfe jikokin mutanen Afirka ne da aka kai tsibirin a zamanin cinikin bayi da bayansa, cikinsu har da Yarbawa. A shekarun 1880, Turawan mulkin mallaka na Ingila suka hana kaɗa gangunan fata a tituna lokacin bikin kalankuwa. Jama'a suka koma buga gora a ƙasa. A shekarun 1930 kuma, matasan unguwannin talakawa na birnin Port of Spain suka fara buga gwangwanaye da tarkacen ƙarfe. Sai suka lura cewa duk inda gwangwani ya loɓa, amonsa yakan sauya. Daga nan aikin ya taso.

Ellie Mannette na cikin waɗanda suka fara dukan gindin gangar mai da guduma har ya zurfafa kamar kwano. Ana raba cikin kwanon gida-gida, kowane gida da amonsa: babban gida yana ba da amo mai kauri, ƙarami kuma siriri. Da 'yan sanduna biyu masu roba a baki ake kaɗa ta.

A farko, ana yi wa makaɗanta kallon zauna-gari-banza. Sannu a hankali suka sami martaba. A 1963 aka fara babbar gasar ƙungiyoyinsu mai suna Panorama, a 1992 aka ayyana gangar a matsayin abin kiɗa na ƙasa, a 2023 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 11 ga Agusta.

Gwanaye uku

Ƙungiya ɗaya a gasar Panorama takan kai mutum ɗari. Amma gwanintar mutum ta fi fitowa idan ya tsaya shi kaɗai a gaban jama'a.

Len "Boogsie" Sharpe, wanda aka haifa a 1953, ya tashi ne a unguwar St James, kuma da kunne ya koyi kiɗa tun yana ƙaramin yaro. Ya kafa ƙungiyar Phase II Pan Groove a 1972. A lokacin da sauran ƙungiyoyi suke ɗaukar waƙoƙin mawaƙan kalifso su kaɗa, shi ya nace sai dai ya shiga gasa da kiɗan da ya tsara da kansa, har ya ci Panorama da shi a 1987. Ƙarfinsa shi ne ƙirƙira nan take. Yakan ɗauki waƙar da kowa ya sani, ya juya ta, ya yi nisa da ita har mai sauraro ya ɗauka ta ɓace, sannan ya dawo da ita daidai inda ya bar ta.

Robert Greenidge, haifaffen 1950, ɗan Laventille ne, kuma ya yi suna da ƙungiyar Desperadoes. Ya daɗe yana aiki a Amurka, inda ya shafe shekaru da dama yana kiɗa tare da mawaƙi Jimmy Buffett. Wanda ya saba raka mawaƙi dole ya san lokacin da zai fito da lokacin da zai ja baya. Shi ya sa kiɗansa yake da tsabta da natsuwa, hannunsa kuma yake da laushi, ba ya tsananta wa ƙarfe.

Liam Teague shi ne ƙaraminsu. Ya yi karatun kiɗa mai zurfi, kuma farfesa ne a Jami'ar Northern Illinois ta Amurka. Yana karanta rubutaccen kiɗa, yana kuma kaɗa wa gangar ƙarfe abin da aka tsara tun asali domin gogen Turawa. Ana yaba masa saboda saurin hannu wanda ba ya haɗiye ko amo ɗaya.

Yadda ake kwatanta su

Masu sauraro sukan yi gardama a kan wanda ya fi. Kafin ka shiga irin wannan gardama, ka saurari abu uku. Na farko, amon ƙarfe ba ya daɗewa. Da an buga, sai ya mutu. Domin ya tsawaita shi, makaɗi yakan yi ta buga gida ɗaya da sandunan biyu da sauri. Ka lura, amon yana gudana kamar ruwa, ko yana tsinkewa? Na biyu, idan ya yi sauri, kana iya rarrabe kowane amo? Na uku, me ya ƙara wa waƙar daga kansa?

Idan ka yi haka, za ka tarar kowannensu ya yi fice a wani fanni. Greenidge ya fi burge mai son zaƙin amo, Teague mai son ƙwarewar hannu, Sharpe kuma mai son jin abin da bai zata ba. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Inda kowanne ya koyi kiɗa, da mutanen da ya yi aiki da su, suna fitowa a hannunsa. Saboda haka, duk wanda ya ce wane ya fi wane, sai ya faɗi ma'aunin da ya yi amfani da shi.

Ma'anar kalmomi

amo: ƙarar da abin kiɗa yake fitarwa
loɓa: shigewar ƙarfe ciki idan an buge shi
kalankuwa: bikin kiɗa da rawa na jama'a
zauna-gari-banza: wanda ba shi da aikin yi
martaba: daraja

Tambayoyi

1. Kawo ma'anoni biyu na kalmar ganga, ka sa kowace a jimla.
2. Me ya sa mutanen Tirinidad suka koma buga gora?
3. Wane gida ne yake ba da amo mai kauri?
4. Me ya bambanta Sharpe da sauran masu shiga gasar Panorama?
5. Yaya makaɗi yake tsawaita amo?

Aiki

Zaɓi makaɗa biyu na yankinku masu kaɗa abin kiɗa iri ɗaya. Rubuta jimloli takwas kana kwatanta su, ka yi amfani da "ya fi", "bai kai ba" da "kamar".